Ya Buɗe Ido Ya Amsa Gaisuwa, Sai Muka Ce Ya Warke



A zaman da muka yi na ƙarshen watan jiya an kawo mana ƙarar wani yaronmu ɗan shekara 26 bisa zargin cin amana. Ubangidansa, mai sayar da albasa a Anacha, ya ce sau uku yana bar masa rumfa, sau ukun nan kuɗi suna yin ɓatan dabo. Idan an tambaye shi sai ya zuba wa mutum ido, ko ya kawo labarin da ba kai ba gindi, idan kuwa aka matsa masa sai ya hau zagi, yaron da a da ko ɗaga ido ba ya yi ya kalli babba. Wasu a wurin suka ce ƙwaya ya fara sha. Wani ya ce iska ce, a kai shi wurin mai ruƙya. Wani dattijo ya ce daga gida aka jefe shi. Saura ƙiris a yanke hukuncin a sa shi a mota a mai da shi garinsu, a kuma sanar da sauran iyayen gida kada wanda ya ƙara ɗaukarsa. Sai ma'ajinmu ya buɗe littafin gudummawa ya nuna mana shafin da muka rubuta wata 4 da suka wuce, inda mu da kanmu muka yi karo-karo muka biya wa yaron nan kuɗin asibiti. Ya faɗo ne daga saman tirela ana sauke kaya, kansa ya bugi kwalta, ya kwana 3 bai san wanda ke kansa ba.

Babu wanda ya manta da hatsarin. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya haɗa wancan da wannan, domin a lissafinmu mun rufe shafin jinyarsa tun ranar da ya buɗe ido ya amsa gaisuwa. A kwana na 8 muka je muka ce a sallame shi. Likita ya ce a bar shi tukuna, in kuma an fita a dawo da shi bayan mako 6 a gwada tunaninsa. Muka ce kuɗi sun ƙare, ga shi yana ci yana sha yana gane mutane, me ya rage? Aka miƙo takardar da ke cewa mun ɗauke shi ba da yardar likita ba, muka sa hannu. Hannun da ke rubuta muku wannan yana cikin waɗanda suka sa. Bayan mako 6 ba wanda ya tuna da maganar gwaji, yaro ya riga ya koma rumfa.

Wannan ɗabi'a tamu ce, kuma ita muke so mu yi faɗa da ita yau. Daga Mil 3 a Diobu har bakin gadar Neja, har Ama Hausa da Gariki a Inugu, sana'o'in da suka fi yawa a hannun yaranmu su ne waɗanda kai ke cikin haɗari: dako, lodi da sauke kaya, rakiyar shanu a saman tirela, tuƙa keke, gadi, da acaɓa a bayan gari tun da aka hana ta a tsakiyar biranen nan uku. Duk wanda ya shekara 10 a Kudu ya san aƙalla mutum ɗaya da ya bugu a ka ya tashi, daga baya aka ce ya canja hali. Sunayen da muke ba su ba su da daɗin ji: ɗan ƙwaya, mai taɓin hankali, malalaci, ɓarawo. Kusan ba mu taɓa kiran su da sunan da ya dace da su ba, wato marasa lafiyar da ba su gama jinya ba.

Mahautanmu sun fi kowa sanin taushin ƙwaƙwalwa, kusan kamar awara take. Tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma ƙasan ƙoƙon nan ta wajen goshi da gefen kunnuwa yana da tudu da kwari. Idan kai ya bugi ƙasa da ƙarfi sai ta girgiza ta gogi ƙashin, siraran zaruruwan jijiya da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan su miƙe, wasu su tsinke. Sassan da suka fi shan wahala su ne na gaba da na gefe, kuma a nan ne ake riƙe sabon abu a ka, da tsara aiki daki-daki, da danne fushi, da jin kunya. Gaisuwa da sunan mahaifiya da karatun da aka haddace tun ana yaro tsofaffin ajiya ne, su ne suka fi wuyar gogewa. Shi ya sa mutum zai amsa maka gaisuwa tiryan-tiryan, ya tambayi iyalinka, amma ka ba shi saƙo ya kai layi na gaba, kafin ya isa ya manta. Mu kuwa da gaisuwar muke auna shi.

Kada kuma wani ya ce ai an ɗauki hoton kansa an ce ba komai. Hoton CT yana nuna jini da karayar ƙashi da kumburi, abubuwan da ke kashe mutum a kwanakin farko, kuma don su ake yin sa. Tsinkewar ƙananan zaruruwan nan sau da yawa ba ta fitowa a cikinsa.

Lambar da kuke ji likitoci na faɗa a bakin gado, 8 ko 12 ko 15, ma'aunin Glasgow ne, wanda wasu likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a 1974 a birnin Glasgow. Buɗe ido maki 4, magana maki 5, motsa jiki maki 6, jimilla 15, mafi ƙaranci 3. Daga 13 zuwa 15 ana kiran raunin mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Wanda ya kai 15 yana buɗe ido da kansa, ya san ko shi wane ne da inda yake, idan aka ce ɗaga hannu zai ɗaga. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Ba ta ce zai iya riƙe cinikin rumfa ba, ba ta ce a miƙa masa makullin keke ba. Akwai kuma lissafin da aka gina a kan bayanan majinyata 10,008 na wani babban bincike mai suna CRASH, aka wallafa shi a 2008, wanda ke haɗa shekarun mutum da makinsa na Glasgow da yadda ƙwayar idonsa ke amsa haske da ko ya ji wani babban rauni a jiki, ya ba da ƙiyasin mutuwa cikin kwana 14 ko mummunar nakasa bayan wata 6. Wannan lissafi na amfanar likita a ranakun farko. Tambayar da ke gaban ubangida da matar aure da ƙungiya bayan an fito daban ce: yaushe zai koma aiki, wane aiki, kuma me za a iya damƙa masa? Ita wannan gwajin tunani ne ke amsa ta.

Matakin farko ma ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne muka katse da sa hannunmu. Bayan mutum ya farka daga suma akwai wasu kwanaki da idonsa biyu, yana magana, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta ajiye abin da ke faruwa. Za ka zo da safe ka gaishe shi, da yamma ya ce rabonsa da kai tun kafin hatsari. Tun 1932 wani likitan Birtaniya, Ritchie Russell, ya nuna cewa tsawon waɗannan kwanaki na ruɗewa yana nuna girman raunin, kuma har yau yana cikin alamomin da likitoci suka fi dogara da su wajen hasashen yadda mutum zai kasance. Idan bai kai yini ɗaya ba, galibi abin da sauƙi. Idan ya haura mako, raunin babba ne. Idan ya haura mako 4, a shirya wa doguwar tafiya. Yadda ake aunawa kuwa tambayoyi ne da ake maimaitawa kullum, kamar na gwajin Galveston da aka fitar a Amurka a 1979: sunanka, ina kake yanzu, yaya aka yi ka zo nan, yau wace rana, mene ne abu na ƙarshe da ka tuna kafin hatsarin, mene ne na farko bayansa. Ranar da amsoshi suka daidaita kwana biyu ko uku a jere, an san ya fita daga ruɗewar. Yaron da muke magana a kansa ba wanda ya san kwana nawa ya yi a wannan hali, domin mun ɗauke shi ana tsakiyar ƙirga.

Bayan an fita daga ruɗewa sai gwaji na biyu, wanda ake zaunar da mutum a ba shi ƙananan ayyuka. A faɗa masa kalmomi 5 a ce ya riƙe, a shagaltar da shi da wani abu, bayan minti 5 a ce ya maimaita. A ce ya cire 7 daga 100, ya ci gaba da cirewa. A karanto masa lambobi ya faɗe su daga baya zuwa gaba. A ba shi minti ɗaya ya lissafo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya. A ba shi aikin da sai ya riƙa sauya ƙa'ida a tsakiya, a ga ko zai iya juyawa ko zai kafe a kan ta farko. Wanda bai sani ba zai ce wasan yara ne. Amma kowane ɗaya yana taɓa wani abu da kasuwa ke buƙata: riƙe sabon bayani, saurin fahimta, tattara hankali a cikin hayaniya, da iya sauya shawara. Masu bincike sun daɗe da ganin cewa waɗanda suka yi rauni sosai a waɗannan fannoni a makonnin farko su ne suka fi shan wuyar komawa aiki bayan shekara, kuma rashin iya kammala gwajin ma kansa alama ce. An fi samun sauƙi da sauri a wata 6 na farko, sannan a ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko biyu. Don haka gwaji ɗaya bai isa ba. Sai an yi na biyu da na uku ake sanin ko mutum hawa yake yi ko ya tsaya.

Masu cewa ai nasa ƙaramin bugu ne su saurara. Gaskiya ne yawancin waɗanda suka ɗan suma na 'yan mintoci suna komawa daidai cikin makonni. Amma wani babban bincike da aka yi a manyan asibitocin Amurka mai suna TRACK-TBI, wanda aka wallafa a 2019, ya bi mutanen da aka kawo da maki 13 zuwa 15, wato masu raunin da ake kira mai sauƙi, ya tarar bayan shekara guda fiye da rabinsu suna da abin da bai koma musu daidai ba a harkokin yau da kullum. Wannan a ƙasar da ake da motar ɗaukar marasa lafiya da hutun jinya ke nan, balle ɗan dakon da ya koma ɗaukar buhu a kansa kwana 10 bayan faɗuwa.

Mun san abin da za a ce mana, domin an faɗa a zaman. Na farko kuɗi. Wallahi mun san zafin kuɗin gado a Kudu, mu ne muke zagayawa da faranti. Amma a lissafa mana: abin da ubangidan yaron nan ya ce ya ɓata a rumfarsa ya ninka kuɗin kwana 7 da muka ƙi biya, ba a sa kuɗin da aka kashe a kan turare da rubutu ba, ba a kuma sa mutuncin yaron da aka kira ɓarawo a gaban mutum 40 ba. Tambayoyin da ake yi a bakin gado ba a biyan su daban. Gwajin zaune kuwa kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin hoton kai ba.

Na biyu, a ce likita bai san gaibu ba, lafiya ta Allah ce. Haka ne, kuma babu likitan kirki da zai ce maka ya san gobe. Amma dattijon da ya faɗi haka dillalin shanu ne, kuma mun sha ganin sa yana buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya ce wannan zai kai Fatakwal da ƙafarsa, wancan a yanka shi a hanya. Ba wanda ya taɓa ce masa yana duba. Ƙiyasi ne a kan alama, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, amma ba ya sayen sa ido rufe. Abin da likita ke yi da gwajin tunani ke nan. Babu wanda ya hana addu'a, mu ma muna yi. Abin da muke ƙi shi ne a ɗaure mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta ji ciwo ana dukansa wai ana fitar da iska, alhali shi ko abin da ya ci da safe bai tuna ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi a zukatanmu: a kai shi gida, in mutuwa ce ya mutu a gaban iyayensa. Wannan magana akwai tausayi a cikinta, amma akwai kuma son a sauke nauyi, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tafiya daga Fatakwal ko Anacha zuwa Sakkwato ko Katsina yini ce da kwana a kan hanyar da kowa ya san ramukanta. A kwanakin farko jini na iya ci gaba da taruwa a cikin ƙoƙon kai. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashin mutum, farfaɗiya, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, mutuwar ɓarin jiki, kowane ɗaya daga cikinsu na nufin a koma asibiti a wannan sa'a. Wa zai lura da su a bayan mota tsakanin Lokoja da Abuja da tsakar dare? Ga dattawa ma jinin kan taru a hankali, sai bayan makonni a ga mutum ya fara ruɗewa, a ce tsufa ne. In har tafiya gidan ta zama dole, a bari likita ya ce an wuce haɗari, a karɓi takardar bayani da sakamakon gwaji, a nufi asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. A sauke shi a ƙauye a soron mahaifinsa ba takarda ba magani, wannan ba kai shi gida ba ne, jefar da shi aka yi.

Kuma ba a daji muke zaune ba. A Inugu akwai asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla, da asibitin Memfys da Farfesa Samuel Ohaegbulam ya kafa don tiyatar ƙwaƙwalwa, da asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa. Kusa da Anacha akwai asibitin koyarwa na Nnewi. A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na jami'ar tarayya da na jami'ar jiha. Sau tari majinyacin da muke ɗauka mu yi Arewa da shi ya fi kusa da ƙwararren likita a nan fiye da ƙauyen da muke kai shi.

To amma akwai wani ɓangaren da laifin ba namu ba ne, kuma ba za mu yi shiru a kansa ba don muna roƙon mutanenmu su yarda da gwaji. Bayan zaman nan mun kai yaron wani ƙaramin asibiti, ba ya cikin waɗanda muka ambata a sama. Wani matashin ma'aikaci ya ɗauko takarda ya yi masa gwajin da Turanci, inda abin ya cije ya juya zuwa burokin, cikin minti 10 ya rubuta maki mai muni ya ce da wuya yaron nan ya ƙara moruwa. Da mun karɓi takardar nan mun tafi, da mun yi masa zalunci na biyu, wanda ya fi na farko, domin wannan karon da hatimin asibiti.

Takardar da aka yi amfani da ita ita ce MoCA, wadda Dokta Ziad Nasreddine ya tsara a birnin Montreal na Kanada, aka wallafa ta a 2005. Maki 30 gare ta, ana ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin lafiya. Gwaji ne mai kyau ga mutanen da aka yi shi dominsu. Amma ku dubi abin da ke ciki. Kalmomi 5 da ake cewa a riƙe a ta Turanci sun haɗa da karammiski da sunan wata fulawa ta ƙasar Turawa. Ana nuna zanen zaki da raƙumi da karkanda a ce ka faɗi sunansu. Ana cewa ka zana agogo mai hannu ka sa shi ƙarfe 11 da minti 10. Ana cewa ka ja layi daga 1 zuwa A, daga A zuwa 2, daga 2 zuwa B. Ana ba ka minti ɗaya ka kawo kalmomin Turanci masu farawa da harafin F. Yaronmu makarantar allo ya yi, ya iya rubutun ajami, bai taɓa riƙe fensir ya yi zane ba, agogonsa na waya ne mai lamba. Aka tambaye shi wata, ya faɗi watan Musulunci, daidai kuma ya faɗa, aka soke. Ku ɗauko lafiyayyen ɗan dako daga kasuwar Ose wanda bai taɓa buguwa ba ku ba shi wannan takarda da Turanci, ku gani ko zai kai 26. Maki ɗaya tak da takardar ke ƙara wa wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba ba zai cike wannan rami ba.

Abin haushin shi ne an daɗe da sanin matsalar, kuma a ƙasar nan aka samo wani ɓangare na maganinta. Tun farkon shekarun 1990 likitocin Ibadan da takwarorinsu na Indianapolis a Amurka suka yi aiki tare a kan mantuwar tsufa, suka yi amfani da tambayoyin da suka dace da tsofaffin Yarabawa da ba su yi boko ba, suna kuma tambayar wani na kusa da mutum yadda yake a da da yadda yake yanzu. A wannan aiki ne aka fito da gwajin da ake jera tsinken ashana a yi siffa a ce mutum ya kwaikwaya, maimakon a miƙa masa fensir. Su kansu masu MoCA sun fitar da wata mai sauƙi a 2015 don waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba. Kayan aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne mai gwaji ya tambayi majinyaci wane harshe yake ji da wane karatu ya yi kafin ya ɗauko takarda, kuma kada ya mai da gwajin minti 10 ya zama hukuncin rayuwar mutum. MoCA da tsohuwar takwararta MMSE ta 1975 na tantancewa ne kawai, suna nuna wanda ya kamata a zurfafa bincike a kansa.

Ba baƙi ba ne mu a garuruwan nan da za mu ji nauyin neman wannan. Magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani ne mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato. Al'ummar da ta kai wannan daɗewa tana da bakin da za ta ce a gwada ɗanta da harshen da yake mafarki da shi. Amma kada mu zauna jiran asibiti ya ɗauki tafinta, mu ne za mu kai namu.

Haka muka yi a karo na biyu. Mun sami wata likita da ta yarda ɗaya daga cikinmu ya zauna ya fassara, da sharaɗin ba zai taimaka da amsa ba, ba zai gyaɗa kai ba, ba zai sauƙaƙa tambaya ba. Wannan sharaɗi ya fi wuya fiye da yadda kuke zato, domin idan ka ga ɗan uwanka yana laluben kalma bakinka ƙaiƙayi yake yi. Ta sauya kalmomin da abubuwan da ya sani. Ta mai da lissafin na kuɗi. Ta kira ubangidan ta tambaye shi yadda yaron yake kafin faɗuwa. Sakamakon ya fito daban da na farko, kuma bai yi mana daɗi duka ba. Harshensa lafiya, gane abubuwa lafiya, lissafi yana farawa daidai sai ya ɓace a mataki na uku. Cikin kalmomi 5 ɗaya ya tuna. Ta ce labaran da yake bayarwa idan an tsare shi da tambaya ba ƙarya ba ce irin wadda muka sani, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin abin da ba ta ajiye ba, shi kuma ya yarda da abin da yake faɗa. Ta ce saurin fushin daga raunin goshi yake, kuma masu irin wannan rauni sau da yawa ba sa ganin sun canja, shi ya sa yake rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Ubangidan, Allah ya saka masa, ya koma ya bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu suka ce sun karɓi kaya bashi a hannun yaron, suna jiran a zo karɓa. Ragowar kuɗin ba a gano su ba, wataƙila canji ya bayar sau biyu.

Abin da likitar ta rubuta shi ne abin da da mun samu tun wata 3 da suka wuce. Kada ya riƙe kuɗi shi kaɗai. Kada ya hau saman mota, kada ya tuƙa komai, domin bugu na biyu a kan wanda bai warke ba ya fi na farko illa. Zai iya tsince albasa da ɗaure buhu a inuwa, rabin yini, wuri ɗaya, aiki ɗaya a lokaci guda. A saya masa ƙaramin littafi ya riƙa rubuta kowane saƙo da ajami. Ya samu barci isasshe, a raba shi da duk wani abin sa maye da magungunan ƙarfi da 'yan dako ke sha. A dawo bayan wata 3 a sake gwajin da kalmomi daban. Ta ce shekarunsa suna taimakonsa, kuma tana sa ran ƙarin sauƙi, amma ba ta yi mana alkawarin zai koma kamar da ba.

Saboda haka daga yanzu asusun gudummawarmu ba zai ƙara sa hannu a takardar ɗauke wanda ya bugu a ka ba har sai likita ya ce ya fita daga ruɗewa, kuma a cikin kuɗin da za a tara za a ware na komawa gwaji tun ranar farko, a ajiye a hannun ma'aji, ba a hannun ubangida ba. Duk ƙarar sata ko rashin kunya ko shaye-shaye da aka kawo mana, tambayar farko ita ce ko mutumin ya taɓa buguwa a ka. Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni na garuruwan nan uku su ɗauki irin wannan mataki, kuma a riƙa adana takardun gwaji, domin ranar da za a nemi diyya daga mai mota ko kamfani, takarda ce za ta yi magana, ba rantsuwarmu ba.

Akwai waɗanda muka riga muka kora a shekarun baya da sunan ƙwaya ko sata, aka sa su a mota aka manta da su. Ma'aji ya fara bin tsofaffin littattafan gudummawa yana fitar da sunayen waɗanda muka taɓa biya wa jinyar buguwar kai, ya zuwa daren jiya ya kai mutum 6. Duk wanda ya san inda ɗaya daga cikin irin waɗannan yake a yanzu ya same mu a ofis bayan la'asar. Muna kuma neman mutum biyu a kowane gari, masu jin Hausa da Turanci sosai, masu iya kame bakinsu, da za su riƙa raka majinyata gwaji.